Injin BMW 525i a cikin tsohuwar 318i: yadda muka yi aikin da kuɗin adashi

Bel ɗin taimin, wanda ke daidaita motsin bawul da na fistin a cikin inji, ya tsinke min ne a hanyar Zariya, gab da Kwanar Ɗangora, wata ranar Asabar a watan Nuwamban 2022. Ba ƙara, ba hayaƙi. Ina tafe a giya ta biyar sai kawai na ji totur ya mutu a ƙarƙashin ƙafata, fitilun dashbod suka kama gaba ɗaya, na gangara gefen titi. Da na murza makulli, kik ya juya injin da wani irin sauƙi kamar ana kaɗa fanko. Duk wanda ya taɓa jin wannan sauti ya san fassararsa: fistin sun daki bawul sun lanƙwasa su, babu sauran matsi a silinda. Laifin kuwa nawa ne. Wata shida makanikena yana min maganar bel ɗin nan, ni kuma ina ce masa bari a yi albashi.

Motar BMW ce 318i ƙirar 1989, mai ƙofa biyu, daga jerin da ake kira E30, wanda aka ƙera tsakanin 1982 da 1994. A hannun wani dattijo, tsohon malamin makaranta, na saye ta. Ba ta da wani ƙarfin a zo a gani, domin injinta M40 ne mai silinda huɗu, lita 1.8, ƙarfin doki 113 ko kusa da haka. Daɗinta a jikinta yake. Nauyinta bai fi tan ɗaya da 'yan kai ba, tayoyin baya ne ke tura ta, kuma idan ka shiga kwana kana jin titi a tafin hannunka. Na daɗe ina cewa a raina wannan jiki ya fi ƙarfin wannan inji.

Da muka janyo ta zuwa Kano, Oga (haka kowa ke kiran makaniken nawa, har matarsa) ya buɗe kan silinda, ya duba, ya goge hannu. Bawul biyar sun lanƙwashe, kamshaf ɗin ma ya cinye tun da daɗewa. Ya ce, "Malam, zaɓi uku ne. Ko mu gyara wannan, ka kashe kuɗi a kan gawa. Ko mu nemo irinsa ɗan Beljiyam. Ko kuma ka bi shawarata mu ɗora mata injin Toyota ka huta har ka tsufa." Shawarar Toyota ba ta banza ba ce, da yawa sun yi kuma suna hawa lafiya. Amma ni na riga na kwana biyu ina bincike, na san injin silinda shida na M50, wanda ya zo a 325i ƙirar E36 da 525i ƙirar E34, yana shiga cikin E30 ba tare da an yanka jikin mota ba. Lita 2.5 ne, bawul 24, ƙarfin doki 192, kuma da sarƙa yake aiki maimakon bel ɗin roba. Wannan na ƙarshen shi ya fi ja na, saboda abin da ya same ni a Kwanar Ɗangora. Oga ya dube ni ya ce, "To ai shi ke nan. Mai kuɗi shi ke da magana." Na ce masa, "Oga, mai adashi dai."

Gaskiya ce kuwa. Kwasar adashin ofis ta watan Janairu tawa ce, kuma a lissafin da na yi a bayan ambulan, za ta sayi inji, ta biya kuɗin aiki, har a samu canji. Wannan ambulan tana nan na ajiye ta, ina ɗauko ta duk ranar da nake son yin dariya.

Akwai injin da ya biyo bayan M50, wato M52 mai lita 2.8, wanda ya fi shi ja kuma ya fi shi rashin nauyi saboda bulok ɗinsa na alminiyam ne. Masu shaguna shi suka fi tallata min. Na ƙi shi saboda dalili biyu. Na farkon fitowarsa a Turai bangon silindarsu wani shafe ne da ake kira Nikasil, wanda fetur mai yawan sinadarin sulfa ke cinyewa, shi ya sa ma yawancin waɗanda aka kai Amurka aka yi musu bulok na baƙin ƙarfe. Wanda ya san irin man da muke sha a nan ba zai yi wannan caca ba. Dalili na biyu, daga 1995 motocin suna zuwa da na'urar hana sata da ake kira EWS, wadda ke haɗa makulli da ƙwaƙwalwar inji, birenbos inji makanikai. Idan ba ka samu makullin da akwatinsa da birenbos ɗin duk na mota ɗaya ba, injin zai yi ta juyawa har batir ya mutu bai tashi ba. M50 na farko, na 1990 zuwa 1992, ba ruwansa da wannan. Bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne, ba shi da VANOS mai sauya lokacin buɗe bawul, ba shi da wani tsarabe-tsarabe. Shi na sa a gaba.

Na kuma dage sai wanda aka ciro daga 525i, ba daga E36 ba, kuma a nan ne kawai zan iya bugun ƙirji in ce na yi dabara. Kaskon baƙin mai na ƙasan inji, wanda ake kira botom-filet, a E36 tumbinsa a baya yake, daidai inda ƙarfen da ke riƙe da sitiyari da ƙafafun gaba na E30 ya gitta. Ba zai zauna ba ko za a kwana ana dukansa. Na 525i tumbinsa a gaba yake, yana faɗawa daidai gurbi. Wanda ya sayi injin E36 sai ya koma neman kaskon 525i da bututun tsotsar mai da sandar awonsa daban, masu shago kuwa da zarar sun gane abin da kake nema ba shi da madadi, farashinsa ya tashi ke nan.

Sati uku ina zarya a Ƙofar Ruwa. Lokacin ne kuma ake tsakiyar wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, ga kuɗi a asusu ba ka iya taɓa su, tiransifa ta maƙale tun safe har la'asar. An nuna min injuna huɗu. Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne M50 ba iri ɗaya ba ne, akwai mai lita 2.0 na 520i da mai lita 2.5, kuma daga waje kamar an tsaga kara. Murfi ɗaya, kwayil shida iri ɗaya, komai ɗaya. Shaidar tana jikin bulok, ɓangaren da iska ke shiga, can ƙasa, inda aka buga lamba a kan wani ɗan fili. Sai ka sa fetur da burushin waya ka kankare dattin shekara talatin kafin ka gan ta. Idan ta fara da 25 6S, mai 2.5 ne. Idan 20 6S ce, ƙaramin ne. Biyu daga cikin huɗun da aka rantse min 525 ne, da na durƙusa da fitilar waya, 20 na gani. Ban ce da gangan aka yi ba, domin wani mai shagon shi ma haka aka sayar masa. Na ukun murfin zuba mai na buɗe na tarar da wani abu fari-fari kamar kindirmo, alamar ruwa ya haɗu da mai, na mayar na rufe.

Na huɗun yana can ƙuryar wani shago, an ɗora masa tayoyi. 25 6S 1. Wayoyinsa suna jikinsa ba a datse su da adda ba, birenbos ɗinsa na Bosch yana ɗaure da igiya a gefe, ga na'urar auna iska, ga altaneta, ga famfon sitiyari. Mai shagon ya ce, "Alhaji, garanti sati biyu." Na ce masa sati biyu ba zai amfane ni da komai ba, domin wannan inji ba zai ga wuta a cikin mota ba sai bayan wata biyu. A gwada shi a nan ƙasa, a gabana. Ya ɗan yi jim, sannan ya aika yaro ya kawo batir. Muka cire fulogi shida, Oga ya ɗaura agogon auna matsi a kowace silinda bi da bi. Biyar sun ba da tsakanin 11 da 12, ɗaya ta tsaya a 10 da rabi. Oga ya gyaɗa kai. Na sa aka rubuta min lambar injin a kan rasit, harafi da harafi, aka buga hatimi. Tiransifar ba ta shiga ba sai bayan isha'i, muna zaune a kan benci ni da mai shago muna kallon waya ɗaya.

Kafin a ɗaga shi zuwa cikin mota mun yi sati guda muna yi masa hidima a ƙasa, kuma ban yi da-na-sanin ko sisi a nan ba. Duk abin da yake da sauƙin kaiwa yanzu, gobe sai an kwance rabin mota. Muka sauya famfon ruwa da mai farfelar ƙarfe, domin na roba idan ya tsufa yakan tsage ya daina tura ruwa ba tare da ya nuna wata alama ba. Muka sauya gaskit ɗin murfi, da robar bayan karanshaf, da duk wani tiyo da ke ƙarƙashin bututun iska. Da muka sauke kaskon mai don wankewa, na nuna wa Oga notin da ke riƙe da haƙorin famfon baƙin mai, wanda aka san yana iya kwancewa a irin wannan inji idan ana yawan kai shi ƙarshen totur. Zarensa na hagu ne. Yaron gareji ya kusa karya shi yana ɗaurewa da sunan kwancewa. Muka sa masa gam ɗin zare muka matse.

An ciro tsohon M40 a yini ɗaya. Na sayar da shi gunduwa-gunduwa, altaneta daban, nozul daban, bulok ɗin kuma 'yan gwangwan suka auna a sikeli, abin da ya fito ya biya kuɗin ƙafafun inji. Ƙafafun alminiyam na E36 ake buƙata, waɗannan kam birjik suke a kasuwa. Robar da ake ɗora su a kai, wadda aka fi amfani da ita a irin wannan aiki, ta tsohuwar 535i ce ƙirar E28, motar da rabon da a gan ta a titin Kano an manta. Muka samo wata mai kusan tsayinta, muka cike gibin da farantin ƙarfe da mai walda ya yanka mana.

Giyabos ɗin motar na asali, Getrag 240, shi muka bari. Bakinsa ya yi daidai da bayan M50, kuma da yake M40 da M50 kwanciya ɗaya suke yi a cikin mota, ya zauna a miƙe. Wanda ya yi amfani da giyabos ɗin 325i ta E30 zai tarar ƙusoshi sun shiga amma akwatin ya karkace da digiri 10, sai an bi shi da gyaran sandar giya da mariƙinsa. Namu bai karkace ba, sai dai ya ɗan ja baya saboda tsawon injin, farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, ta yi tsayi, sandar giya ma haka. Farfelar wata E30 mai silinda shida muka samo, sandar kuma aka yanke aka sake haɗawa. Kuloci kuwa na ce a mayar da na 318 ɗin, tunda bai daɗe da sauyawa ba. Oga ya ce, "Malam, wannan faranti ba zai riƙe wannan doki ba." Na ce a dai gwada. Ya ce to.

Ranar da muka sauke injin da sarƙa cikin motar, ya tafi sumul har saura kamar yatsa biyu, sai ya tsaya cak. Bututun iska ya tokari tukunyar birki, wadda makanikai ke kira sabo (ba sabo kishiyar tsoho ba). Na san da wannan matsala tun a bincike, amma na sa rai ko Allah zai sa tawa ta zama daban. Ba ta zama ba. A ƙasashen waje tukunyar Porsche 944 suke nema. Mu nan wa zai ba ka? Amma akwai wadda ta yi daidai kuma tana zube a kowane lungu: ta Golf 2. Ta fi ta asali ƙanƙanta, sai dai sandar da ke haɗa ta da feda ba tsayi ɗaya ba ne. Muka kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya rage ta, ya yi mata sabon zare. Sau uku muna cirewa muna mayarwa. Karo na farko birki ya riƙe da kansa bayan 'yar tafiya a cikin gareji da turi, domin sandar ta yi tsawo da kaɗan, tana danne da mai ko ba a taka ba. Abin da ya raba daidai da kuskure bai fi kaurin tsabar kuɗi ba. Wannan wuri ne da ba zan ba kowa shawarar ya yi ganganci ba, kuma shi kaɗai ne wurin da na tsaya a kan mai aiki har ya ji haushina.

Azumi ya kama a ƙarshen Maris, aiki ya koma na safe kawai. Zuwa azahar kwanon garejin ya zama tanda, kowa ya nemi inuwa. A wannan watan ne muka yi wayarin, ni da wani matashin rewaya mai haƙuri. E30 tana da wani zagayayyen soket mai baki 20 a jikin bangon ɗakin inji, ana kiransa C101, ta nan duk wayoyin inji ke gaisawa da na jikin mota. Na 525i baki 25 ne, kuma jerin bai zo ɗaya ba. Rewayan ya so ya yanke duka biyun ya murɗa wayoyi ya naɗe da salatif kamar yadda aka saba. Na hana. Muka yanko soket ɗin tsohon injin da ɗan tsawon wayoyinsa, na buga taswirar wayoyin motocin biyu a takarda, muka zauna a kan tabarma da mita muna bi ɗaya bayan ɗaya: ta kik, ta makulli, ta famfon fetur, ta fitilar caji, ta fitilar baƙin mai, ta agogon zafi, ta agogon juyin inji. Ba su wuce goma sha biyu ba. Kowace aka yi mata dalma aka rufe. Yini huɗu muka yi a kan abin da ya ce zai gama kafin la'asar, amma daga ranar har yau ban sake buɗe wurin ba. Na'urar auna zafi mai ruwan ƙasa ta tsohon injin ita ma sai da muka dasa ta a kan sabon, domin da ita kaɗai allurar dashbod ɗin E30 ke faɗin gaskiya.

A kan lagireto ne muka yi musu na gaske da Oga. Mun sa na 325i da tankinsa, sai dai tsakanin injin da lagireton babu wurin fankar inji, ko tafin hannu da ƙyar yake shiga. Dole sai fankar lantarki daga gaba. Oga ya ce a cire tamostat, abin da ke tare ruwa har sai inji ya yi zafi, a jefar, a haɗa fanka kai tsaye da makulli, haka ake yi wa kowace mota a ƙasar zafi. Na ce, "Oga, ka yi haƙuri, wannan karon a bar shi." Injin da ba ya kai zafin aikinsa, birenbos ɗauka yake har yanzu safiya ce, ya yi ta ƙara masa mai, fulogi su yi baƙi, fetur ya wanke bangon silinda. Ya ce shekararsa talatin yana cirewa ba wanda ya dawo masa da kuka. Na ce na yarda, amma a sa sabo, fanka kuma a bar ta a kan makunnin zafi na jikin lagireto, a ƙara min wani maɓalli a ciki saboda cunkoson Kurna. Ya yi shiru, ya sa. Har yau idan na je sai ya leƙa allurar zafi, yana jiran ranar da zai ce ai na faɗa maka.

Mai salansa ya yi kwana biyu a kwance a ƙarƙashin motar yana lanƙwasa bututu biyu don su kauce wa ƙarfen ƙafar gaba. Na'urar sanyaya mota kuwa na haƙura da ita, kuɗi ya riga ya ƙare tun a tukunyar birki, na shiga cin albashi.

Bayan Ƙaramar Salla da kwana biyar muka zuba mai da ruwa, muka haɗa batir. Na murza makulli. Ya juya da ƙarfi, bai tashi ba. Muka duba wuta, akwai a duk kwayil shida. Famfon fetur yana kuka. Nozul suna ƙyas-ƙyas. Yini biyu muna wannan, har rewayan ya fara zargin birenbos, ni kuma na fara lissafin inda zan ranto kuɗin wani. A yammacin rana ta biyu ƙaramin yaron garejin, wanda aikinsa wankin noti ne, ya ce a hankali, "Oga, wannan tiyon ba shi ne na komawa tanki ba?" Mun juya su. Tiyon da ke kawo fetur mun ɗaura shi a bakin da ke mayarwa, mai yana zuwa yana tarar da ƙofa a rufe. Oga bai ce uffan ba, ya ɗauki sukundireba ya sauya su. Murzawa ɗaya ya kama. Minti goma na farko yana taf-taf-taf kamar keken ɗinki, har mai ya cika 'yan madannan bawul, sannan ya yi luf. Da na ɗan taɓa totur ya yi wata ƙara kamar ana yage sabuwar shadda. Na ba yaron nan duk abin da ke aljihuna, ban ƙirga ba.

Agogon juyin inji ya nuna sama da dubu ɗaya alhali injin yana kwance lafiya, na tsorata. Ashe agogon lissafin silinda huɗu yake yi, yana karɓar bugu uku a kowane juyi maimakon biyun da ya saba, don haka duk abin da ya nuna ya ƙara rabi a kai. Wani ɗan toshe ne a fuskar dashbod ake sauyawa da na mota mai silinda shida. Girmansa bai kai akwatin ashana ba, amma sai da na yi wata biyu kafin na samu.

Tsakiyar watan Mayu na fito da ita titi. Na bi ta Eastern Bypass da sassafe. A giya ta uku na taka, bayan motar ya zauna, kaina ya bugi kujera, na ji dariya ta kuɓuce min ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Sai wata tirela ta fito daga gefe, na taka birki, dariyar ta tsaya. Feda ta yi tauri saboda ƙaramar tukunya, hancin motar ya nutse saboda nauyin baƙin ƙarfe, birkin baya kuma na ganga ne irin na 318. Na tsaya, amma ban tsaya inda na yi niyya ba. Daga nan gareji na koma. Muka sa faifan gaba masu ramin iska da sifirin na 325i, daga baya aka mayar da na baya ma faifai. Wannan bai taɓa shiga lissafin ambulan ba.

Ranar 29 ga Mayu aka rantsar da Shugaba Tinubu, ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin sati ya zagayo litar da muke saye ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500. Mutane suna ajiye manyan motoci suna neman ƙanana, ni kuma a satin na gama ƙara wa tawa silinda biyu. Uwargida ta dube ni a kan tabarmar cin abinci ta ce, "Malam, kai dai ka iya zaɓen lokaci." Ba ni da amsa. Abin da zan iya cewa shi ne, idan na bi ta a hankali, shan manta bai fi na da da wani abin tashin hankali ba, domin ba ta wahala kafin ta ja jikinta. Matsalar ita ce ba a bin ta a hankali.

A watan Yuni kuloci ya fara zamewa. Ka taka a giya ta huɗu, allura ta tashi, mota ba ta ƙara gudu ba, sai warin ƙauri. Oga bai ce komai ba, wanda ya fi min ciwo a kan ya yi magana. Aka sake sauke farfela da salansa da giyabos. Muka sa filawil, wato faifan bayan inji da kuloci ke kamawa, na 325i ta E30 mai faranti milimita 228 a madadin mai 215, aka ɗan sassaƙe bayansa don kada ya goga, aka sauya kik ɗin ma saboda haƙoran ba iri ɗaya ba ne. Na biya kuɗin aiki sau biyu, kuma a lokacin naira ta riga ta faɗi, kayan sun kusa ninka farashin da na ƙi biya a watan Maris. An sayar da kare an sayi biri.

Da damina ta sauka kuma kaskon mai ya karɓi rabonsa. Na alminiyam ne, a gaba yake, kuma shi ne mafi kusa da ƙasa a duk motar. Wani tudun rage gudu da ruwa ya rufe a unguwarmu na hau, na ji ƙum. Allah ya taimake ni na leƙa madubi na ga baƙin layi yana bina, na kashe injin nan take. Tsagewa ce kamar tsawon yatsa. Mai waldar alminiyam ya ɗinke ta, sannan muka yi abin da ya kamata mu yi tun farko: farantin ƙarfe mai kauri a ƙarƙashi, ɗaure da jikin mota. Yanzu duk tudun da na gani a karkace nake hawansa, masu adaidaita sahu suna min hon.

Takardu ba su ba ni wahala ba saboda rasit ɗin nan mai lamba. Na yi takardar rantsuwa a kotu cewa na sauya inji, na kai ofishin lasisi aka gyara lambar a takardun mota. Sau biyu an tsayar da ni a hanya an buɗe bonet an gwada lamba da takarda, ɗayan ma sai da ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga yadda injin ya cika wurin.

Da na zauna na tattara littafin da nake rubuta kashe-kashe, kuɗin injin kansa bai kai kashi biyu cikin biyar na abin da ya tafi ba. Sauran duk tiyo ne, da roba, da noti, da walda, da kuɗin mai zuwa kasuwa neman abin da bai fi a saka a aljihu ba, sai birki da kuloci. Adashi ɗaya na ware, biyu da rabi suka shiga.

Abin da ya rage yanzu aksul ɗin baya ne. Na 318 ƙarami ne, mai milimita 168, kuma lissafinsa 4.10, wato sai farfela ta yi juyi huɗu da ɗan ɗori kafin taya ta yi ɗaya, don haka a gudun kilomita 120 injin yana wajen juyi 3,500, ga shi ya fara wani siririn kuka idan na ɗaga ƙafa daga totur. Na 325i mai milimita 188 ake so. An ce min akwai wani a Kaduna, a hannun wani mutum da ya kwance motarsa, na sa an aiko min da hoton lambar da ke jikinsa, mun yi ciniki ya ce zai ajiye min. Kwasar adashin watan Maris tawa ce. Uwargida ta riga ta sanar da ni cewa ta firiza ce, ni kuma ban gaya wa mutumin Kaduna ba tukuna.